Babin da Oga ya cire

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin gwaji. Tunda ƙannenmu da aka ɗauka bana suna ta tambayata dalilin da ya sa na daina fita aikin fili da Oga, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

A aikin Enugu abin ya faro. Tun 1909 aka gano kwal a yankin Udi, kuma ramukan haƙar kwal da aka yi watsi da su, irin su Onyeama da Okpara, har yau suna tsiyayar da ruwa. Na Onyeama cikin kogin Ekulu yake gangarawa. A jikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi akwai pirit, wato ƙarfe haɗe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar kowa. Da an tono shi ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifar da asid, wasu bakteriya su ƙara wa abin sauri, asid ɗin ya narkar da ƙarfe da alminiyam da manganis ya kwaso su waje.

An ba mu kwangilar duba wani rafi da ke ƙasa da ɗaya daga cikin ramukan. Oga da kansa ya tsayar da ranar ɗibar ruwa a tsakiyar damina, lokacin da ruwan sama ya gama sirka komai. Ba mamaki alƙaluman suka fito lafiya, pH, wato ma'aunin ƙarfin asid a ruwa, ya faɗa tsakanin 6.5 da 8.5 da ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa ta gindaya. Ni kuwa aka bar ni da raga da faranti na binciken ƙwarin rafin, aikin da ba wanda ke so.

Sama da inda ruwan ramin ke shigowa, kowane dutse na ɗaga sai in ga rai: 'ya'yan ƙwarin Efemeroftera masu jela uku suna gudu a jikinsa, tsutsotsin da ke gina wa kansu gida da ƙwayoyin yashi, 'ya'yan mazari, dodon koɗi, har da kaguwa. Ƙasa da wurin kuwa, duwatsun sun sha wata jar laka mai santsi, kamar an kwaɓa tsatsa an shafe su. Ƙarfen da ya narke ne ke komawa laka da zarar asid ya fara raguwa. Yana cike 'yan ramukan da ƙwari ke ɓuya, ya rufe gansakukar da suke ci, ya liƙe a gaɓoɓin numfashinsu. Gaba kaɗan sai farin ƙura-ƙura na alminiyam, wanda ke sauka idan pH ya kusa 5. Na tankaɗe lakar har bayana ya ƙage, abin da na samu a faranti jajayen tsutsotsin Kironomid ne kawai, masu jure kusan komai. Babu dodon koɗi ko ɗaya, don asid ba ya barin ƙwanso ya ginu.

Na rubuta babi guda a kan wannan. Hujjata ita ce kwalbar ruwa labarin sa'a ɗaya take bayarwa, ƙwaron da ke kwana a rafin wata da watanni shi ya san abin da ya wuce ta kansa. Ruwan farko bayan rani shi ke wanke gishirin asid da ya bushe a bakin rami ya zubo shi gaba ɗaya. Kafin mai kwalba ya iso ruwa ya washe, amma ɓarnar ta riga ta auku.

Na ce, “Ranka ya daɗe, in muka koma farkon damina za a ga abin a mita ma.”

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Malam, ruwa aka biya mu mu gwada ko ƙwaro?” Aka cire babin, rahoto ya tafi da cewa rafin ba shi da matsala. Da masu bita suka dawo da tambayar ina binciken halittun ruwa, a gaban kowa ya ce ma'aikacinsa ne bai kammala ba. Na haɗiye, don a lokacin ban da takardar zama ma'aikacin dindindin.

Sauran abubuwan da zan gaya muku gajeru ne. Ku auna pH a bakin rafi, kada ku bari sai an dawo ofis. Kwalbar gwajin ƙarfe a ɗiga mata asid ɗin naitirik nan take, in ba haka ba ƙarfen zai kwanta a gindi ku samu sakamakon ƙarya. Kullum ku nemi wurin kwatance sama da rami. Wanda ya ce a zuba dutsen farar ƙasa a rafi ya kashe asid magana ta ƙare, ku tambaye shi wa zai riƙa kankare shi bayan tsatsa ta lulluɓe shi. Littafin fili kuma ku ɗauki hoton kowane shafi da kwanan wata, ku tura wa kanku kafin ku miƙa.

Wannan na ƙarshe ba don ado na faɗa ba. Bara na ci karo da babin nan, da teburansa da hotunan da na ɗauka, a wata takardar taro da sunan Oga shi kaɗai a sama. Ni sunana na cikin sashen godiya, layi ɗaya da direba.