Godiya ga waɗanda suka tsaya mana da ɗana ya bugu a kai

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki.

Yau sati biyar ke nan da aka ɗauko ɗana daga filin ƙwallon unguwarmu, nan Ali Ɗan Sofo a Maradi. Jiya likita ya duba shi ya ce ya koma wasa. Alhamdulillahi. Na ce ba zan kwana ban yi godiya a bainar jama'a ba.

Ga wanda bai ji ba, yaron gola ne, shekararsa 15. An bugo kwana, ya fito zai cafe, suka gwara kai da wani yaro. Bai suma ba, ko ɗigon jini babu. Ya tashi ya kakkaɓe ƙasar wandonsa ya ce a ci gaba. Sai kocinsu ya shigo fili, ya dafa kafaɗunsa, ya ce: "Da wa muke wasa? Wa ya ci ta ƙarshe?" Yaro ya yi zuru, can ya ce, "Koci, yanzu aka fara?" Alhali an daɗe da dawowa hutun rabin lokaci. Nan take ya zare masa safar hannu.

Malam koci, da kai zan fara. Ƴan kallo sun yi maka ca, ana ta cewa namiji ne, a zuba masa ruwan sanyi ya koma. Ni kaina da na iso cewa na yi, tunda bai suma ba ai da sauƙi. Ka ja ni gefe ka ba ni labarin Christoph Kramer na Jamus, wanda ya bugu a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 da Ajantina, ya ci gaba da wasa har ya je yana tambayar alƙali ko wannan ne wasan ƙarshe. Ka ce, "Baba, ba zan mayar da shi ba ko za a ci mu goma." An kuwa ci ku. Allah ya saka maka da alheri, ka yafe mini maganata.

Sai likitan da ya karɓe mu, wanda ya zaunar da ni kamar ƙaninsa. Ya ce ƙwaƙwalwa cikin ruwa take a ƙoƙon kai, in aka bugu sai ta girgiza, kuma mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma. Hoton kai ma yakan fito lafiya lau alhali ciwon na nan. Abin tsoron shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke. Ya rubuta mana abin da in mun gani mu dawo ko tsakar dare ne: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, farfaɗiya, barcin da ba a iya tada shi, ko hannu da ƙafa su mutu. Ya ce farasitamol kaɗai, kada a ba shi asfirin ko ibufurofen a kwanakin farko saboda zubar jini.

Takardar nan a ƙarƙashin matashin uwarsa ta kwana. Hajiya, ke kika karɓe wayarsa kwana biyu, kika sha fushinsa kika yi shiru. Sannu da ƙoƙari.

Da na ɗauka kulle shi za a yi a ɗaki mai duhu har ya warke. Ashe bayan kwana biyu so ake ya fara ɗan tattaki. Kullum bayan Asuba, kafin ranar Maradi ta buɗe, muke takawa ni da shi zuwa bakin titi mu dawo. Komawa wasa kuwa mataki shida ne, kowanne aƙalla awa 24, in kai ya motsa a ja baya. Rana ta tara ya gwada sassarfa, kan ya sara masa, ya zauna gindin dogonyaro yana share hawaye da gefen riga. Ranar na fi jin abin.

Na gode wa malaman lakwal ɗinsu da suka bar shi yana zuwa rabin yini duk da jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare na gabansa, da mai adaidaitar da ya kai mu likita ya ƙi karɓar ko dala, da ƴan fadar ƙofar gidanmu da suka kashe kiɗansu sati biyu ba tare da na roƙa ba.

Yaron da suka yi karo, mahaifinsa ya kawo shi washegari riƙe da ledar lemu, ya kasa ɗaga kai. Yaro, ba ka da laifin komai, kuma na ji daɗi da aka duba ka kai ma. Shi ne ya riƙa kawo wa abokinsa littafin darasi kullum da yamma.

Ranar Asabar bayan La'asar ɗana zai tsaya a raga. Ina nan bakin fili in sha Allah, kusa da koci.