Na ga wayar, ban ce komai ba

Wata uku muna zarya kafin kwamitin lafiya na majalisar dokokin jiharmu ya ba mu minti ashirin. A 2025 ne, bayan Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu, kowa ya ga yadda muka jingina da PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da cutar ƙanjamau, da Global Fund, asusun duniya mai tallafa wa yaƙi da cutar. Tun 2006 ake ba da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau kyauta a Najeriya, amma mafi yawan kuɗin daga aljihun wasu suke fitowa. Abin da muka je nema shi ne jiha ta ware nata kuɗin don kayan gwaji da kare jarirai daga ɗaukar cutar a wurin iyayensu mata.

Takardu kam na shirya su: alƙawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, da binciken 2018 da ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a ƙasar nan. Amma alƙaluma ba sa girgiza ɗan siyasa, shi ya sa na roƙi wata 'yar ƙungiyarmu ta yi magana. Shekara tara tana shan magani, ta haifi yara biyu, duka lafiya lau. Mijinta ya sani, danginsa ba su sani ba.

Ta ce, "Anti, zan yi magana, amma banda hoto." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Ban tambayi kowa wa zai shigo zauren ba. Tana tsaka da magana na hango wani saurayi a jikin taga ya ɗaga waya. Na gan shi ƙuru-ƙuru. Shugaban kwamiti yana saurare har ya ajiye biro, sai na ji tsoron in ɓata lokacin. Niƙabinta na cikin jakarta a kan cinyata, ko miƙa mata ban yi ba.

Kafin magariba bidiyon yana Facebook. Bayan kwana biyu uwar mijinta ta ware mata kwano da kofi. Masu sayen awararta suka ɗauke ƙafa. Dokar 2014 ta kare masu cutar ƙanjamau ta haramta tsangwama da bayyana cewa mutum na ɗauke da cutar ba da yardarsa ba, na haddace ta, amma wace kotu za ka kai maƙwabta don sun daina sayen awara?

An sa wani abu a kasafi, har yau muna bin sawu a saki kuɗin. Mutane suna taya ni murna, ni kuwa wayar nan nake gani.

Yanzu ba na shiga da kowa gaban hukuma sai mun yi yarjejeniya a rubuce kan ɗaukar hoto, kuma a karanta ta kafin a buɗe taro. Mutum guda muke warewa, aikinsa kawai sa ido kan wayoyi, da izinin katse ko wane ne. Wanda dangi ba su san halin da yake ciki ba, muryarsa muke naɗa mu kunna. Da na tsaya na yi wannan tunanin na minti biyar kafin zaman kwamitin, da ba a kai nan ba.

Ta koma soya awara a wata unguwa. Tana zuwa taron wata-wata, tana gaishe ni kamar da. Na ba ta haƙuri sau uku, kullum amsarta ɗaya ce: "Ya wuce, Anti."