Abin da na koya a ɗakin taikwando

Iyayen da ke kawo mana yara iri biyu ne. Akwai wanda zai ce, "Masta, ga shi nan, cin zalinsa ake yi a makaranta, a koya masa ya rama." Akwai kuma wanda zai ce yaro ya gagari kowa a gida, ko Allah zai sa a nan ya nutsu. A shekarun da na yi ina taya maigidana koyar da ƙananan yara a wani kulob ɗin taikwando, wasan faɗa na Koriya da aka fi yi da shuri, a Kano, na lura na biyun ya fi samun biyan buƙata. Na farkon ma yakan samu wani abu, sai dai ba shi ya zo nema ba.

Nutsuwar nan ba daga wa'azi take zuwa ba. Yaro zai zo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ɗauki tsintsiya idan ranar shararsa ce, ya shiga sahu a bayan wanda ya riga shi farawa ko da ya girme shi. Ranar da aka fara haɗa shi da wani kuma, nan ake ganin halinsa. Shurin farko da ya sauka a hular kariya, wani kuka zai fashe da shi, wani kuma ya rufe ido ya auka wa abokin karawarsa kamar a bakin famfo. Bayan 'yan watanni sai ka ga yaron nan an shure shi, ya ja da baya taku ɗaya, ya sauke numfashi, ya gyara tsayuwa. Ya san zafi, ya kuma san zafin zai wuce. Wannan ne babban abin da makarantar faɗa take bayarwa wanda layi ba ya bayarwa: duka mai awo, da alƙali a tsaye, da hannu da za a miƙa wa juna idan an gama.

Akwai iyayen da rusunawar da ake yi kafin karawa take damunsu, suna ganin ta yi kama da ruku'u. Mu dai ba mu taɓa tilasta wa kowa ba, ɗan sunkuyar da kai ko dafa ƙirji ya wadatar. Haka batun 'yan mata. Uba zai tambaya ko sai 'yarsa ta cire ɗankwali, sai mu nuna masa hoton Hedaya Malak 'yar Masar da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016 da hijabinta a ƙarƙashin hula. Kulob ɗin da ya ware wa mata lokacinsu, ya samo mace mai koyarwa, ba ya rasa ɗalibai.

Shekarar 2016 ɗin nan ce kuma Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a ajin masu nauyi. Tun tagullar da Issaka Daboré ya samu a damben zamani a Munich a 1972 ƙasar ba ta sake ganin lambar Olamfik ba sai a hannunsa, kuma a 2017 ya zama zakaran duniya. Mu a Najeriya muna da Chika Chukwumerije da tagullarsa ta Beijin a 2008. Yara suna jin sunayen nan, suna kuma ganin hanya ce. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne Alfaga a Jamus ya yi atisayen da ya kai shi can. A manyan gasa rigar ƙirji da safar ƙafa masu na'ura ne, su suke ƙirga maki da kansu, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin kulob. Yaronmu zai shekara yana shurin tsohuwar riga da aka ɗaure da igiya, ranar gasa ya sa ta zamani, ya yi ta shuri allo bai motsa ba, don bai san irin ƙarfi da gurbin da na'urar take karɓa ba.

Rashin kaya yana da ciwo na zahiri. A kan siminti muka daɗe muna atisaye, katifun da muke da su ba su rufe rabin ɗakin ba. Gwiwa da idon sawu su ke biyan kuɗin. Yaro zai yi targaɗe, a shafa masa man zafi, a ce ya daure, gobe ya dawo yana ɗingishi saboda kada a ce rago ne. Hular kariya ɗaya takan zagaya kawuna da yawa a yini guda, jiƙe sharkaf da gumi, sai ka ji makero ya bi yara. Duk da haka na ga ɗakunan motsa jiki na unguwannin masu hali, da madubi bango guda da na'urar sanyaya ɗaki, inda ɗalibi zai yi shekara yana shurin iska ba a taɓa haɗa shi da kowa ba. Da a kai ɗana can, gara simintinmu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cinikin bel, wato ɗamarar da launinta ke nuna matakin da ɗalibi ya kai. Kuɗin wata da iyaye ke biya ba ya riƙe koci, wasu ma sai su yi wata uku ba su kawo ba. To ina kuɗi yake? A jarrabawar canjin bel. Kowace jarrabawa da kuɗinta, da kuɗin sabon bel, da na takarda. Daga nan sai jarrabawa ta riƙa zuwa akai-akai, kuma ba mai faɗuwa, don uban da ya biya ba zai so ya ji an ce ɗansa bai kai ba. Na taɓa zama a teburin alƙalai a wani kulob da aka gayyace mu, wani yaro ya manta tsarin motsinsa tun daga tsakiya, ya tsaya yana kallon silin. Na rubuta bai ci ba. Mai kulob ɗin ya matso ya raɗa mini, "Ɗan'uwa, a yi haƙuri a duba, babansa ne ya saya mana fanka." Da yamma yaron ya tafi gida da jan bel. Takardar baƙin bel da duniya ta sani daga Kukkiwon take fitowa, hedikwatar wasan da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu tun 1972, tana da lamba da ake iya bincikawa. Amma bel ɗin kansa ƙyalle ne, ana sayar da shi a shagon kayan wasanni, kuma ba mai hana mutum ya ɗaura ya buɗe makaranta.

A nan nake jinjina wa gidan dambe. Ko a Kano ko a Dei-Dei ta Abuja, ɗan dambe ba shi da takardar da zai nuna. Ya naɗe hannu da zare, a yi turmi uku, ko ya yi kisa, wato ya kai abokin karawa ƙasa, ko a kashe shi ko a raba, jama'a na kallo. Ba wanda babansa zai saya wa suna. Sai dai gaskiyar nan jiki ne yake biyanta: ba hula, ba abin kare haƙori, kuma yaro yana koyo ne ta hanyar shan naushi a ka. Na san tsofaffin 'yan dambe da magana take yi musu nauyi tun ba su tsufa can ba. Makarantar zamani ta fi tausayin ƙwaƙwalwa, dambe ya fi ta ƙin ƙarya.

Sai batun ramuwa, wanda uban farko ya zo nema. Dokar taikwando ta gasa ta hana naushi a fuska. Naushi a ƙirji maki 1 ne, shuri a ƙirji 2, a ka 3, idan da juyi ne makin ya ƙaru. Saboda haka ɗan wasa mai wayo yakan saki hannuwansa ƙasa, ya dogara da ƙafar gaba, don nan maki yake. A fili dabara ce. A lungu kuwa, fuska ce a buɗe. Kuma wanda zai tare ka da dare a kan waya ba shi kaɗai yake zuwa ba, ba kuma hannu rabbana ba. Yaron da aka ɗaura wa bel ɗin da bai kai ba, aka bar shi yana ganin kansa jarumin fim ɗin Canis, shi ne zai tsaya ya ja da mai wuƙa. Maigidana yakan tara manyan ɗalibai ya ce, "Duk wanda aka nuna wa ƙarfe, ya miƙa wayar, ya ba ƙafa iska. Gudun da nake sa ku kowace safiya na ranar ne." Wasu iyayen ba sa jin daɗin wannan magana, gani suke kuɗinsu ya tafi a banza.

Wani abin da ba a faɗa wa iyaye shi ne rage nauyi kafin gasa. Ana karawa ne aji-aji bisa sikeli, sai koci mai son lamba ya sa yaro ya ƙaurace wa ruwa da abinci, ya sa leda a cikin riga ya yi gudu cikin zafin watan Afrilu don ya sauka aji na ƙasa. Babba ya yi wa kansa haka, ruwansa. Amma ɗan shekara goma sha uku da jikinsa ke kan girma, wannan zalunci ne, ko da an ciyo kofi.

Shi ya sa idan wani ya tambaye ni inda zai kai ɗansa, ba na kiran sunan kulob. Nakan ce ya je ba tare da sanarwa ba, ranar da ake haɗa yara, ya samu benci ya zauna. Ya duba wa ke riƙe da ajin ƙanana, kocin ne ko wani ɗalibi aka bar wa su shi yana waje yana waya. Ya ga abin da ake yi idan yaro ya faɗi ya riƙe ƙafa. Ya nemi ganin akwatin magani, a buɗe a gabansa. Sannan ya tambayi mai kulob ɗin yara nawa ne suka faɗi jarrabawar bel ta ƙarshe.