Kwanon da ta keɓe

Yau da rana na dawo daga wurin da na kai takardun neman aiki a nan Garwa, inda aka sake ce mini in jira kira, na tako a ƙasa har unguwar Yelwa domin sefa ɗari biyun da ke aljihuna ba na hawa babur ba ne, na sabulu ne. Da na shiga gida na tarar da uwargida tana kakkaɓe buhun muskuwari, dawar ranin da ƙanina ya aiko daga ƙauye, ta kuma keɓe kwano guda. Na tambaye ta ko na wane ne, ta ce, "Maigida, na Mama gwauruwar majami'armu ne, tun jiya ban ga hayaƙi a gidanta ba."

Gaskiya sai da gabana ya faɗi, domin kuɗin haya na jira, na makarantar yara ma haka. Amma na tuna gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, wadda ta toya wa annabi Iliya waina da ragowar garinta tun ba ta ga cikar alkawarin ba. Ubangiji bai cika mata rumbu ba, garin tukunyar ne kawai bai ƙare ba har aka yi ruwa. Ni albashin wata nake roƙo, kuma ba zan daina roƙonsa ba, amma har yau yarana ba su kwana da yunwa ba, kuma na san ba ƙoƙarina ne ya yi wannan ba.