Abin da "sha ka fashe" ya yi wa jikina

Saura wata uku bikina aka fara yi mini gorin rama. Har mai ɗinkina, da na kai mata atamfofin da muka sayo a Kantin Kwari, sai da ta ce, "Amarya, ke kam sai an yi miki ciko." Wata ƙawata ta raɗa mini cewa akwai ƙwayoyi a wani kemis, sha ka fashe. Ko Umma ban gaya wa ba. Kullum da daddare nake afa biyu.

Ƙannena, da fari na ji daɗi. Cin abinci ya buɗe, kumatu suka fito, kowa na cewa amarci ya karɓe ni tun kafin a ɗaura. Amma ƙibar ba ta je inda nake so ba. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, tumbi ya fito, wani tozo ya taso a bayan wuyana, hannu da ƙafa kuwa suna nan sirara. Nankarwa mai ja ta tsattsage mini ciki da cinya. Al'adata ta rikice, ga ƙishirwa da fitsarin dare.

Kuskuren da ya fi wannan shi ne yadda na daina. Bayan biki da sati ɗaya na tsorata, na watsar da ƙwayar gaba ɗaya a lokaci guda. Kwana uku tsakani na kasa ɗaga kai, ga amai, ga jiri, har na yanke jiki a ƙofar kicin. A adaidaita sahu maigidana ya kai ni asibiti.

Likitar da ta duba ni ta karɓi kwalin, ta ce deksametazon ne a ciki. Ta ɗauki biro ta yi mini zane a bayan kati. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, sunansa fituwitari. Shi ke aika saƙo ta cikin jini zuwa wasu ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, adirinal, su kuma su fitar da sinadarin kotisol. Irin waɗannan saƙonni na cikin jini su ake kira homon. Kotisol shi ke riƙe bugun jini da sukari, shi ke tallafar jiki lokacin zazzaɓi ko firgici, kuma ya fi yawa da sassafe. Idan ya wadata, fituwitari sai ya rage aike. Haka insulin, homon ɗin da ke rage sukarin jini, ke aiki, haka ƙullutun wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, kowanne da ma'auninsa.

"To ke, Malama," in ji ta, "kin yi wata uku kina zuba wa jikinki abin da ya ninka kotisol ƙarfi kusan sau 25. Ƙwaƙwalwa ta ga kaya sun cika, ta daina aike, adirinal suka kwanta barci. Kika janye ƙwayar, babu na waje babu na gida." Ta ce shan da ya haura sati uku ma kan iya jawo haka, kuma mutum na iya rasa ransa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganin na da amfani sosai, ana ceton masu asma da shi, ni na mayar da shi abin kwalliya. Mayukan bilicin da yawa ma danginsa ne a ciki, kuma fata na tsotse su.

Sai da aka mayar da ni kan magani, ana rage shi kaɗan-kaɗan tsawon watanni, kafin jikina ya farka. Nankarwar na nan har yau. Idan yanzu haka kina sha, don Allah kada ki yanke yau. Ɗauki kwalin yadda yake, ki je asibiti, ki faɗa wa likita guda nawa kike sha da ranar da kika fara, sannan ki roƙa a gwada miki sukari da hawan jini.