Doguwar gaisuwar da ta kore mini masu kallo

Har yau ina jin takaicin bidiyon da na ɗauka a kan Lasota, maganin rigakafin cutar Newcastle da ake zuba wa kaji a ruwan sha, domin kwana uku na shafe ina aikinsa, amma saƙon da na fi so masu kiwon kaji su ji bai kai kunnen yawancinsu ba. Saƙon shi ne, ruwan famfo mai sinadarin kulorin yana lalata maganin tun kafin kaji su sha, kuma sai a minti na huɗu na faɗe shi.

Da na buɗe YouTube Studio, shafin da ke nuna wa mai tasha yadda ake kallon bidiyonsa, na duba layin da ke nuna inda mutane suke barin kallo, sai na ga ya gangaro tun kafin a kai daƙiƙa 30. A lokacin nan kuwa gaisuwa nake yi. Na yi sallama, na tambayi iyali da gajiya, na gaishe da mutanen Kano da na Maraɗi, na roƙi a danna ƙararrawa, sannan tambarin tashata, wanda na biya kuɗi aka zana mini, ya yi ta juyi da kiɗa. Na manta cewa mai kallo da kuɗinsa ya sayi data, kuma yatsansa yana kan waya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne saƙon wani mai kiwo, wanda ya ce ya fara kallo, ya gaji da jira ya wuce, ya haɗa maganin da ruwan famfo, daga baya cuta ta shiga kajinsa. Amsar tana cikin bidiyon, ni na ɓoye ta a bayan gaisuwa.

Yanzu kafin in kunna kyamara, sai na zauna na rubuta jimlar farko a takarda. Da na sake ɗaukar bidiyon, da bokiti a hannuna na fara, na ce: "Assalamu alaikum. Idan da ruwan famfo kake haɗa Lasota, dakata." Dalilin ya biyo nan take, domin wanda aka tsayar da irin wannan magana aka kuma ja masa rai ba zai sake dawowa ba.

Wani dattijo ya yi mini faɗa cewa na yar da ladabi. Na ce masa, "Baba, sallama tana nan, ba zan taɓa barinta ba." Sauran gaisuwar ce na mayar ƙarshe, tambarin kuma na cire shi gaba ɗaya, duk da kuɗin da ya ci.