Kwana Shida a Dahab da Kyamarar Aro

Daga filin jirgin Sharm el-Sheikh zuwa Dahab, garin masu nutso a ƙasar Masar, tafiyar awa ɗaya ce da 'yan kai, hanya na ta ratsa jajayen duwatsun Sina'i har Bahar Maliya ta ɓullo gabanka. Na iso da takardar shaidar nutso ta matakin farko, wadda iyakarta mita 18, da sunayen kyamarori uku da na daɗe ina hange a waya. Duk manya ne, irin waɗanda ake sauya wa ido. Niyyata in ga abin da masu nutso ke riƙewa a ruwa kafin in zuba kuɗina.

Malamin da aka haɗa ni da shi ya duba jerin nan, ya ɗago kai.

"Sau nawa ka taɓa nutso?"

"Goma sha ɗaya, Malam."

"To yau da gobe hannu rabbana za ka shiga."

Raina bai so ba. Amma da muka sauka a wurin da suke kira Lighthouse, na gane abin da ya hango. Ya nuna min wani dunƙulen murjani, ya yi alama in tsaya cak a gabansa. Minti ɗaya ya gagare ni. In na ja numfashi in yi sama, in na sake in yi ƙasa, ƙafafuna na ta tayar da rairayi. Wanda bai iya tsayar da jikinsa ba, in ka ɗora masa na'ura mai hannaye biyu da fitilu, murjanin ne zai ji a jikinsa.

Rana ta uku ya miƙo min 'yar ƙaramar kyamara Olympus TG-6 a cikin kwansonta na roba mai gani har hanji. Ita kaɗai tana jure mita 15, a cikin kwanson kuwa har 45. Na ɗauki hotuna kamar ba gobe. Da yamma na buɗe su, sai na tarar duk an tsoma su a baba. Kifin da na gani da ɗan ja ya fito toka-toka.

Ashe ba laifin kyamara ba ne. Ruwa yana shanye launuka bi da bi. Ja ne ke fara ɓacewa, tun wajen mita 5, ruwan lemo ya biyo baya, sannan rawaya, har a bar ka da shuɗi da kore. Kyamara ko ta nawa ce ba ta da inda za ta samo jan da bai iso wurin ba. Sai ka sauko da haskenka. Washegari Malam ya ɗaura min fitilar walƙiya guda ɗaya a kan wani hannu mai lanƙwasa. Karon farko na saita ta dab da idon kyamara, hotunan suka fito da farin ɗigo-ɗigo kamar an watsa gari, domin hasken ya bugi ƙurar da ke yawo a ruwa ya dawo kai tsaye. Ya zo ya ture fitilar gefe, ya ɗan karkata ta waje. Shi ke nan. Murjani ya fito da ja da ruwan hoda wanda ko idona bai gani ba a ƙasa.

Akwai wani da muke shiga ruwa tare, mai babbar kyamara irin wadda na zo ina mafarki. Kowace safiya sai ya yi kusan rabin awa yana haɗa ta. Ran nan muna mita 12 sai na ga ya kifa idonta ƙasa yana ta yi wa Malam alamar hawa. Da aka buɗe, gashi guda ɗaya aka samu kwance a kan zoben robar da ke toshe bakin kwanson. Silin gashi ɗaya, ruwan gishiri ya samu hanya. Tun daga ranar nake zare zoben nan, in goge, in shafa masa maiko kaɗan, in duba shi a haske sau biyu kafin in rufe. Na kuma fahimci dalilin da ake fara tsoma sabon kwanso babu kyamara a ciki, sai 'yar takarda busasshiya.

Ƙaramar kyamarar GoPro ma na gwada sau ɗaya. Wajen bidiyo da faɗin wuri ba ta da matsala, tana kai mita 10 ba kwanso, amma ƙananan halittu sun fi ƙarfinta, ni kuwa su suka tafi da hankalina.

A wurin nutson da suke kira Eel Garden aka rufe zancen. Kifaye ne a wurin, sirara masu siffar maciji, sun fito da rabin jiki daga rairayi suna rausaya kamar ciyawa. Ka matso da gaggawa, su shige rami. Jawo hoto daga nesa kuma aikin banza ne, don duk ruwan da ke tsakaninku zai dusashe shi. Na sauke numfashi, na riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, har ɗaya ya haƙura da ni.

Ranar ƙarshe ba nutso, tunda bayan kwanaki a ruwa sai an huta aƙalla awa 18 kafin hawa jirgi. Na zauna a bakin teku, duwatsun Saudiyya na hange can tsallake, na goge sunayen nan uku. Na rubuta ƙaramar kyamara, kwanso, fitila ɗaya, zoben roba biyu na ko-ta-kwana. Malam ya leƙo ya karanta, ya ce in ƙara igiyar ɗaure ta a jiki, don ya sha ganin kyamara ta suɓuce ta yi ƙasa mai ita yana kallo.